Tsarin ibada idan matasa Musulmi da Kirista suka fita tare

Masu saurare daga Tanut da Belbeji, har da ƴan uwa mazauna Libiya da Aljeriya, suna tambayarmu: idan fada ko ƙungiyar ƴan lakkol ta fita shuka itatuwa ranar 3 ga Agusta, ko wasan ƙwallo a wani gari, yaya za a yi da ibada tun da akwai Kirista cikinsu?

Damargu ƙasar Musulmi ce, amma akwai Kirista, galibi ƴaƴan ma'aikata da baƙi. Ba mu manta da 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona majami'u a Damagaram. Shi ya sa muke ɗaukar maganar da nauyi.

Ba a gauraya ibada. Musulmi su yi sallarsu, Kirista su koma wata inuwa su yi addu'arsu, lokaci guda, kada wani ya zauna jiran wani. Abin da ake haɗuwa a kai shi ne roƙon zaman lafiya da damina mai albarka, kowane ɓangare mutum ɗaya, a taƙaice.

Kafin tashi, shugaban tafiya ya sanar da iyaye, ya shawarci liman da fasto, ya kauce wa Juma'a da safiyar Lahadi. A ɗauki jarkar ruwan alwala daban da na sha, a ware wa ƴan mata wurinsu. Wa'azin jawo wani cikin addini kuwa, a bar shi. Yaron da aka kunyata a daji, gida zai kai labari, kuma daga nan rigima ke farawa.