Tarihin Rarrabe Dabbobi da Tsirrai: Sunan Kimiyya da Sunan Hausa

Duk wanda ya taɓa aikin ƙamus ko littafin makaranta da Hausa ya san wahalar da ke cikin sunayen itatuwa da dabbobi. Sai a ga littafi ɗaya ya ce gawo shi ne Acacia albida, wani kuma ya ce Faidherbia albida, har mai aiki ya rasa wanda zai kama. Nufin wannan maƙala shi ne a bi tarihin rarrabe halittu, domin a nuna cewa sunan Latinanci hukunci ne da masana suka yanke a wani zamani bisa ilimin da suke da shi, kuma yana iya sakewa in ilimin ya ƙaru.

1. Magabata

A ƙasar Girka, Aristo (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya raba dabbobi gida biyu, masu jini da marasa jini. Almajirinsa Tiyofarastus ya raba tsirrai bisa ga tsayi da ƙarfin jiki, tun daga manyan itatuwa har zuwa ciyayi. Malaman Musulunci sun gaji wannan ilimi, suka ƙara masa. A ƙarni na 9 Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan, Abu Hanifa Dinawari kuma ya rubuta Kitabun Nabat, inda ya tattara sunayen tsirrai daga bakin Larabawan ƙauye. Ibnul Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248, ya bayyana magunguna da abinci wajen 1400, galibinsu tsirrai. Amma har zuwa ƙarni na 17 masanan Turai suna kiran tsiro ɗaya da doguwar jimlar Latinanci, kowane malami da tasa.

2. Linne da magadansa

Wanda ya kawo tsari a wannan ruɗani shi ne Karl Linne, mutumin ƙasar Suwidin (1707 zuwa 1778). A cikin Systema Naturae na 1735 ya jera halittu hawa-hawa: daula, aji, rukuni, jinsi, sa'an nan iri. A cikin Species Plantarum na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta farko ta jinsi, ta biyu ta iri, kuma a 1758 ya yi wa dabbobi haka nan. Shi kansa ya sha gyara aikinsa. Da farko ya sa dabbar teku da ake kira kifi whale cikin kifaye, amma a 1758 ya mai da ita cikin masu shayarwa, tare da jemage, wanda a tatsuniyoyinmu tsuntsaye da dabbobi duk suka ƙi shi.

Linne ya raba tsirrai aji 24 ta hanyar ƙidaya gaɓoɓin fure. Hanyar tana da sauƙi, sai dai tana haɗa tsirran da ba su da dangantaka. Mishel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 ya yi shekaru yana bincike a can, ya ce a dubi dukan sassan tsiro kafin a yanke hukunci. Littafinsa na 1763 da na Jussieu na 1789 su suka kafa rabon tsirrai dangi-dangi. Sa'ad da Darwin ya fitar da littafinsa a 1859, masana suka soma ɗaukar dangi a matsayin halittun da suka fito daga tushe ɗaya. Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 kuwa, binciken ƙwayoyin gado ne ke yanke hukunci a kan wannan dangantaka.

3. Itatuwanmu a littattafan Turawa

Sunayen da aka ba itatuwan ƙasar Hausa suna ɗauke da tarihin zuwan Turawa Afirka ta Yamma. Linne ya kira kuka Adansonia digitata domin girmama Adanson, kalma ta biyu kuma tana nufin ganye mai kama da yatsu. A 1826 Robert Brown ya duba tsirran da ayarin Denham da Clapperton da Oudney ya tara, watau ayarin da Clapperton ya kai Kano da Sakkwato a 1824, ya raɗa wa jinsin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park. Kaɗanya ma ta daɗe da sunan Butyrospermum parkii kafin a koma ga tsohon sunanta Vitellaria paradoxa, bisa ƙa'idar cewa sunan da aka fara bugawa shi ne mai rinjaye.

Gawo kuwa, wanda manoman Damagaram da Maraɗi ke bari a gonakinsu saboda yana kaɗe ganye da damina ya tsiro da rani, Delile ne ya bayyana shi a 1813 da sunan Acacia albida, daga samfurin ƙasar Masar. A 1934 Auguste Chevalier ya ga ya bambanta da sauran ƙayoyi, ya ware masa jinsi nasa, Faidherbia, da sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Senegal. Sauran ƙayoyin ma ba su tsira ba. Bincike ya nuna cewa abin da ake kira Acacia ya ƙunshi jinsuna dabam-dabam, kuma babban taron masana tsirrai na 2011 a Malbon ya tabbatar da barin sunan ga itatuwan Ostareliya. Shi ya sa bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara kuma Senegalia senegal.

Ba wanda ya yi aikin daidaita sunayen nan da na Hausa kamar likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Sunayen Hausa da ya tara har yau ana jin yawancinsu a kasuwa, alhali da yawa daga cikin na Latinancin an sake su.

4. Yadda Hausa ke rarrabewa

Hausa tana da nata tsari, kuma a gini ya yi kama da na Linne, domin ita ma takan kawo babban suna ta bi shi da mai fayyacewa: farar ƙaya, raƙumin dawa, kazar ruwa. Amma abin da Bahaushe ke dubawa shi ne kama da amfani da wurin zama. Wannan ya sa a wasu wurare ake ce wa zogale bagaruwar Makka, ko da yake ba danginsu ɗaya da bagaruwa ba. Turawan da ma haka suka yi, gama camelopardalis, sunan raƙumin dawa a Latinanci, haɗin raƙumi ne da damisa.

Wani lokaci kuma sai binciken zamani ya iske abin da mai girki ta riga ta sani. Da can masana sun sa kuka da lalo da kuɓewa a dangi uku dabam. Tun daga 1998, bayan binciken ƙwayoyin gado, an haɗa su a dangi ɗaya, Malvaceae, tare da rama da yakuwa da auduga da goro. Yauƙin miyar kuka da ta lalo da ta kuɓewa yana cikin alamun wannan dangi.

5. Abin da ke rataye da suna

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Raƙuman dawan yankin Kure, gabas da Yamai, Oldfield Thomas ya ba irinsu sunan peralta a 1898. An daɗe ana zaton waɗanda ke gidajen dabbobi na Turai irinsu ne, sai binciken 2007 ya nuna cewa waɗannan na tsakiyar Afirka ne. Ashe garken Nijar, wanda ya ragu har ya kai kamar 50 a 1996, shi kaɗai ya rage a duniya, kuma in ya ƙare ba inda za a samo wani. Haka nan a sha'anin magani: suna ɗaya na Hausa yana iya nufin tsiro kaza a Tawa, wani dabam a Damagaram, kuma mai bincike da ya haɗa su ƙarƙashin sunan Latinanci ɗaya yana iya sa a sha abin da bai kamata ba.

Saboda haka wajibi ne mai tara kalmomi ya rubuta sunan Hausa tare da garin da ya ji shi da bakin wanda ya ji shi, manomi ne ko makiyayi ko mai magani. Ya ajiye busasshen samfurin ganye da fure da ƴaƴa, ya kai wa masanin tsirrai ya tantance. Sa'an nan ya rubuta sunan kimiyya na yanzu, ya biyo da tsohon sunan, domin ɗalibin da ya buɗe littafin Dalziel ko wani rahoton aikin gona na shekarun 1970 ya gane cewa gawon da ake magana a kai shi ne wanda ke tsaye a gonar ubansa.