Daga Dara Zuwa PlayStation: Yadda Gem Ya Shigo Ƙasar Yauri

Tun kafin wani yaro a Yelwa ko Wara ya san hannun gem, dara ce ke tara maza a gindin bishiya bayan la'asar. A haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya daga na abokin karawarsa. Ba a biyan ko kwabo. Wasan da ya zo ya janye samari daga gare ta kuwa ba ya yiwuwa sai da wuta, sai kuma da kuɗi, kuma waɗannan biyun ne suka zaɓa mana irin gem ɗin da muka saba da shi.

Batun wutar akwai abin takaici a ciki. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka da dama na ƙasar Yauri, aka tayar da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da suka baro tsibiran kakanninsu. Wutar da aka samar ta bi manyan wayoyi ta nufi birane. Saboda haka lokacin da gem ya iso bakin tafkin, da ƙarar janareta ya iso, ga madatsa nan a maƙwabta.

A can waje, kamfanin Atari ya fitar da Pong a Amurka a 1972. Nintendo na Japan, wanda ya fara da buga katin wasa a birnin Kyoto tun 1889, ya fito da Famicom a 1983. Ainihin na'urar ba ta cika zuwa kasuwanninmu ba. Jabunta masu araha ne suka zo, da kaset ɗin da za a rubuta masa wasanni dubbai, ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa: Mario, Contra, sai harbin agwagwa da bindigar roba. Sega ta biyo baya da 'yan damben Mortal Kombat. Amma wadda ta mayar da abin sana'a ita ce PlayStation ta kamfanin Sony, da ta fito a Disambar 1994. Faifan CD take ci, shi kuwa faifai ana iya kwafarsa a sayar da arha. Ƙanwarta PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ita ce ta cika gidajen gem a garuruwan Arewa.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan shago ya san tsarinsa. Benci biyu, talabijin biyu ko uku, janareta na kuka a waje, ƙananan yara sun cika ƙofa suna leƙe. Wasa-wasa ake biya, iya kuɗinka iya shagalinka, kuma sau da yawa wanda aka ci shi ke biya. Mai shago ya saita ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami a kan 'yan mintoci, mai sharhi na ta ihu da Japananci babu mai jin abin da yake faɗa, ana tashi wasu su karɓi hannu. Iyaye da malaman Islamiyya sun sha kai ƙorafi, kuma ba a banza ba, don kuɗin aike da yawa sun ƙare a nan.

A irin wannan tsari ina wasan labari, wato RPG, zai samu gurbi? Shi wannan mutum ɗaya ne zai shiga rigar jarumi, ya bi dogon labari gari-gari, yana ƙara ƙarfi a hankali. Dragon Quest ya fito a 1986, Final Fantasy a 1987, kashi na bakwai na Final Fantasy kuma a 1997 a kan faifai uku, yana cin sa'o'i arba'in ko fiye. Yana buƙatar katin ajiya, da Turancin karanta zance, da wutar da ba za ta ɗauke ka koma baya ba. Babu mai shagon da zai bar yaro ɗaya ya tare talabijin yini guda ga layi yana jira. Ban yarda da masu cewa matasanmu ba su da haƙurin bin labari ba. Mutanen da suka taso da tatsuniya, suke zama sa'a uku kan fim ɗin Indiya? Kamfanonin ne ba su taɓa sa mu a lissafi ba, a farashi ko a harshe.

Wayar salula ta sauya lissafin. Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001, wasan maciji na Nokia ya shiga aljihu, yau kuma saurayi a Shanga zai yi caji da sola ya buga Free Fire da wanda bai taɓa gani ba. Waya na ajiye wasa inda aka tsaya, ɗauke wuta ba ya katse ta.

Abin da ya rage shi ne labarin namu. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, wasan labari da aka gina kan al'adun Afirka. Yauri ba ta rasa kayan haɗi ba: ga ganuwar Birnin Yauri, ga Mungo Park da ya ratsa ƙasar kafin ya halaka a ruwan Bussa a 1806, ga Lander da ɗan'uwansa da suka sauka a 1830, ga tseren kwale-kwale na bikin Rigata. Matasan Kebbi masu karatun kwamfuta, ku fara ko da ƙaramin wasa ne na waya, kuma ku yi shi da Hausa.