Daga Burmi zuwa Shadawanka: Mamatan da Aka Ƙirga, Ba a Rubuta Sunayensu ba

Ranar Lahadi 29 ga Mayu, 2011, da rana aka rantsar da Goodluck Jonathan a Abuja. Da daddare kuma bama-bamai suka tashi a kasuwar mami ta barikin Shadawanka da ke Bauchi, mazaunin Birged ta 33 ta sojojin atilare. Duk wanda ya san mami ya san lokacin ne take cika: soja ya tuɓe kaki ya fito shan iska, mutanen gari sun shigo, mai tsire na fifita gawayi, mata na suyar kifi. Fiye da mutum 10 suka rasu, da dama suka jikkata, daga baya Boko Haram ta ce ita ta kai harin. Yau in an tuna daren, adadin ake faɗa. Su wane ne mamatan, 'ya'yan wa, me ya kai su kasuwa, wannan ya koma cikin gidajen da aka yi zaman makoki.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a ƙasar nan, kuma babu inda ta fito fili kamar Burmi. Garin yana kusa da Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye ta Jihar Gombe, yankin da yake cikin Jihar Bauchi har zuwa 1996. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka kuma ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris, sai Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Abin da ya tayar wa Turawa hankali shi ne yadda talakawa suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa, maza da mata da yara, ga damina ta ƙarato.

A Burmi aka yi ta ta ƙare. A watan Mayu mutanen garin suka kori rundunar Kyaftin Sword. Ranar 27 ga Yuli, 1903 Turawa suka dawo da igwa da bindiga mai ruwa ƙarƙashin Manjo Marsh. Tun hantsi ake gwabzawa har yamma, masu kibau da masu da takubba suna fuskantar harsashi. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. Aka fasa ganuwa, aka cinna wa garin wuta. An tarar da gawar Attahiru a tsakiyar gawarwakin mutanen da suka kewaye shi suka ƙi gudu, aka sare kansa, aka ɗauki hotonsa don a tabbatar wa jama'a ya mutu. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ma a nan ya kwanta dama. Rahotannin Turawan da kansu sun ce mamatan sun haura 600. Akwai wani abu mai ciwo da ba mu cika son faɗa ba: hafsoshin ne Turawa, amma yawancin masu ɗana kunamar bindigar 'yan ƙasa ne, cikinsu har da Hausawa.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe a bakin Shuɗin Kogin Nilu. A yankin Burmi kuwa, mai ziyara zai ga kabarin Sarkin Musulmi, zai ga na Manjo Marsh. Sauran ɗaruruwan, manoma da almajirai da bayi da suka mutu rana ɗaya da su, tarihi ya dunƙule su a lamba guda.

Bayan 'yancin kai ma ba ta sake zani ba, sai dai yanzu mu ne ke kashe junanmu. A Afrilun 1991 rikici ya ɓarke a Tafawa Ɓalewa, ya fantsamo cikin garin Bauchi, aka rasa ɗaruruwan rayuka, Musulmi da Kirista. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin Mai Shari'a Babalakin, ya yi aikinsa ya miƙa rahoto, amma wutar ta sake tashi a 1995, da 2001, da 2011. A Afrilun 2011 ɗin, makonni shida kafin harin Shadawanka, tarzomar bayan zaɓe ta ci fiye da mutum 800 a jihohin Arewa 12, a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Masu yi wa ƙasa hidima 10 da aka kashe a Jihar Bauchi an san su ɗaya bayan ɗaya, an buga sunayensu, an bai wa iyalansu diyya. Haka ya kamata. Kuma haka ya kamaci ɗan acaɓa da mai shayi da suka mutu a mako guda da su.

Mutanen Meziko sun ga irin wannan baƙar rana, suka ɗauki wata hanya. Ranar 2 ga Oktoba, 1968, saura kwana 10 a buɗe gasar Olamfik a babban birninsu, sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco. Gwamnatin Shugaba Díaz Ordaz ta ce mamatan ba su wuce 'yan gomomi ba, wasu masu bincike suka ce sun kai 300. Iyaye da abokan karatu suka ƙi yin shiru. Kowace shekara sai sun fito ranar, a 1993 suka kafa dutse a dandalin ɗauke da sunayen waɗanda aka tantance. A 2006 aka gurfanar da tsohon shugaban ƙasa Luis Echeverría, wanda shi ne ministan cikin gida lokacin kisan, ko da yake kotu ta sallame shi daga baya. A 2024, bayan shekara 56, gwamnatin Claudia Sheinbaum ta fito ta nemi gafara. Zubar da jini bai ƙare a Meziko ba, domin a 2014 ɗalibai 43 na kwalejin Ayotzinapa sun ɓace a garin Iguala. Amma har yau iyayensu na fita da hotunansu, ana ƙirga su da ƙarfi daga 1 har 43, hukuma ba ta samu damar cewa ba a yi ba.

In na ce mu yi koyi da su, na san amsar da za a ba ni: a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido, ƙaddara ce, sai haƙuri. Na yarda da ƙaddara, na kuma san darajar haƙuri. Sai dai shirun da muke yi bai hana maimaituwar kisan ba. Abin da ya haifar shi ne kowane ɓangare yana riƙe da lissafin nasa mamatan a zuci, yana ninka shi ga 'ya'yansa, bai san maƙwabcinsa ma ya binne nasa ba. Takarda guda mai sunan Musa kusa da na Bitrus, da unguwarsu da sana'arsu, za ta yi wa mai neman tunzura matasa wuyar ƙaryatawa.

Na Burmi sun wuce mu. Amma waɗanda suka ga 1991 da idonsu suna raye, iyalan mutanen kasuwar mami ma suna nan cikinmu. Ina kira ga Masarautar Bauchi, da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da malaman tarihi na makarantunmu, su bi gida-gida su rubuta sunayen nan tun masu faɗa suna da rai.