Kantin Kwari da Tarihin Binciken Sankarar Mama a Kano

Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, fatake 'yan Siriya da Labanan suka kafa kantunan yadi a Fagge, wurin da ya zama kasuwar Kantin Kwari, kuma a wannan zamanin ne, a 1913, likitan fiɗa Albert Salomon na Jamus ya fara ɗaukar hoton naman mama da aka yanke domin ya ga kamannin sankara. Daga aikinsa aka samo mamogiram, wato hoton da ke nuna ƙari tun yana ƙarami, kafin hannu ya iya jin sa.

Gwajin da aka fara a New York a 1963, da na Suwidin a 1977, su suka tabbatar da amfaninsa, sannan kwamitin Michael Marmot na Birtaniya ya kiyasta a 2012 cewa gayyatar mata zuwa hoton tana rage mace-macen cutar da kusan kashi 20 cikin ɗari, kodayake duk rai ɗaya da aka ceta akan yi wa mata kusan uku maganin ƙarin da ba zai taɓa cutar da su ba.

Kano ta bi wata hanya dabam. Matan da ke cika layukan kasuwar suna taya atamfa da leshi na kayan lefe, idan ɗayarsu ta ji ƙulli a mama, takan fara da mai maganin gargajiya, a ba ta na sha da na shafawa, saboda imanin da ya daɗe cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, ga kunya, ga jiran izini da kuɗin maigida. Shi ya sa, duk da kusancin Asibitin Murtala da kasuwar, da kuma kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988, akasarin masu cutar sukan isa gaban likita a mataki na uku ko na huɗu, lokacin da hoton ba shi da abin da zai tona. Da yawansu ma ba su kai shekara 50 ba, alhali naman mama mai kauri na masu ƙuruciya yana ɓoye ƙari a hoton.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2014 cewa inda tsarin lafiya yake da rauni a fifita gaggauta binciken masu alamu, kuma gwajin birnin Mumbai da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa duba mama da hannun ma'aikaciyar lafiya da aka horar ya rage mace-macen cutar a tsakanin mata 'yan shekara 50 zuwa sama da kusan kashi 30 cikin ɗari.