Goron da Baba ya kai wa tela a Gumbihini

A 1989, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, Baba ya ƙunshe goro a ganye, ya ja hannuna har rumfar wani tela a bakin titin Gumbihini a Tamale. Bayan doguwar gaisuwa ya ajiye goron a kan teburin yanka, ya ce: "Maigida, ga ɗanka. Safiya ta makaranta ce, yamma taka." Wata shida ban hau keken ɗinki ba. Shara, hura gawayin dutsen guga, sai ramin maɓalli da allurar hannu har yatsana ya yi kanta. Ranar da Maigida ya bar ni na taka baƙin kekensa Butterfly, littafin lissafina yana ƙarƙashin benci, alli ya ɓata bangonsa.

Wannan goro ya girmi boko a ƙasar Dagbon. Ƙira da fawa da aski duk gado ne a nan, kuma har yau Dagombawa "wanzam" suke ce wa mai aska, kalmar da ta biyo fatake daga ƙasar Hausa. Kakanninmu da suka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892 sun zo zango da tsarinsu: allo da asuba da dare, rana a gindin sana'a. Ba wanda ya taɓa cewa ɗaya yana hana ɗaya.

Turawa sun mai da Tamale hedkwatar Arewa a 1907. A 1922 Gwamna Guggisberg ya buɗe makarantar sana'a a Yendi, daga baya aka dawo da ita Tamale. A 1951 aka kafa cibiyar koyon sana'a da ta zama Jami'ar Fasaha ta Tamale ta yau, a shekarar kuma aka buɗe babbar sakandaren Tamasco. A ganina tun lokacin hanya ta rabu biyu a zukatan iyaye: mai kai ya tafi sakandare, wanda jarrabawa ta kayar a tura shi rumfa. Wannan rabon yana min ciwo, domin na ga Maigida, wanda bai taɓa zama a aji ba, yana auna kafaɗar mutum da ido ya yanka yadi ba ragowa.

Gwamnatin Rawlings ta so ta ɗinke ɓarakar a 1987, ta sa kafinta da sauran aikin hannu cikin darussan ƙaramar sakandare. Niyyar mai kyau ce. Amma a ajinmu zarto ɗaya ne, muna kallonsa a hannun malam, sauran kuwa zane a allo. Hannuna a rumfa ya koya.

Da aka fara sakandare kyauta a 2017, ɗalibai suka yi yawa, sai a 2018 aka raba su rukuni biyu, wasu na aji wasu na gida makonni. A wannan hutun 'yan mata biyu suka zo shagon ɗinkina da uwayensu. Ba su bar makaranta ba, kuma kafin su gama sun iya ɗinka kayan makarantar ƙannensu.

Iyayen Gumbihini, kada ku jira sakamakon jarrabawa kafin ku sayi goron. Ku kai yaron tun yana sanye da kayan makaranta, ku faɗa wa maigidan lokacin da ake tashi daga aji.