Tarihin Kazar Gidanmu: Daga Akurki Zuwa Keji

Wannan makon Gozaki za mu leƙa, tsohon garin nan na ƙaramar hukumar Kafur, amma ta ƙofar akurki za mu shiga.

A gidajen da muka tashi, kaza bankin mace ce. Da kuɗin ƙwanta ake sayen gishiri da sabulu, ita ake kaiwa kasuwa in yaro ya kwanta. Kazar Hausa ba ta cika wuce ƙwai 60 a shekara ba, domin sai ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'yan tsaki. In ta tsira daga shaho da cuta, takan kai shekara biyar ko fiye. Ko ta rage ƙwai, iyayenmu kan bar ta saboda iya kwanci.

Babban makashinta shi ne annobar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil, sunan garin Ingila da ta ɓulla a 1926. Cikin mako guda takan share akurki.

Daga baya zamani ya juya. A 1975 aikin gona na Bankin Duniya ya zo yankin Funtuwa, a 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, kiwon kajin gidan gona ya yi ta bazuwa. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ma ta samar da irinta, Shika Brown. Kazar gidan gona kan fara ƙwai tana wata biyar, ta zuba kusan 300 a shekara. Amma da ta kai shekara ɗaya da rabi, kuɗin abincinta kan fi ƙarfin ƙwanta, sai kasuwa. Ƙwai ya yawaita, kwanan kaza ya gajarta. A Fabrairun 2006 kuma murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, aka hallaka kaji dubbai.

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yankanta. Haka ne, amma iyayenmu sukan ba ta ruwa, su wasa wuƙa, su kauce daga idon 'yan uwanta.

Tsofaffin da suka san wannan suna ƙarewa, kuma ba su bar takarda ba. Kafin mu sa jarumar labarinmu a jirgin Dubai, mu zauna da kakanninmu, mu tambaye su sunan da suka raɗa wa daƙwalwarsu, da yadda ta ƙare. Mu rubuta.