Ƙaramar Marsandi: Tarihin Mercedes 190 da Tsadar Riƙon Magadanta

Kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya shafe shekaru da dama bayan Yaƙin Duniya na Biyu bai waiwayi ƙananan motoci ba, domin sunansa ya ginu ne a kan manyan motocin attajirai da shugabanni. Abubuwa uku ne suka sauya masa tunani: tashin farashin man fetur na 1973, da dokar da Amurka ta kafa a 1975 wadda ta wajabta wa kowane kamfani rage matsakaicin man da motocinsa ke sha, sai kuma fitowar 3 Series ta abokin hamayyarsa BMW a wannan shekarar. A watan Disamban 1982 ya fitar da Mercedes 190, wadda injiniyoyi suka sani da lambar W201, kuma Bruno Sacco, ɗan asalin Italiya, shi ne ya jagoranci zana siffarta.

Fargabar kada ƙaramar mota ta zubar da ƙimar sunan kamfanin ita ta sa aka ƙera ta da ƙwarin da ya zarce girmanta. An riƙe kowace tayar baya da hannuwa biyar na ƙarfe, kowanne da aikinsa, ta yadda motar ba ta karkata a kwana ko da an taka totur, tsarin da daga baya ya shiga manyan motocin kamfanin. A watan Agustan 1983 aka gwada samfurin 2.3-16 a filin Nardo na Italiya, inda ya ci kilomita 50,000 cikin sa'o'i 201 da minti 39. Kafin a daina ƙera ta a 1993, an fitar da kusan miliyan 1.9.

Cututtukan 190 sanannu ne, kuma mafi yawansu na ƙarfe da roba ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Sarƙar tayimin, wadda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, layi ɗaya ce a injinan farko, tana miƙewa idan tafiya ta yi nisa, shi ya sa daga baya aka mayar da ita layi biyu. Injin mai silinda shida ya yi suna da yoyon baƙin mai ta gasket, robobin hannuwan baya suna cinyewa har motar ta riƙa rawa a titi, tsatsa kuma tana kama wuraren da ake sa jak, musamman a motocin da suka sha gishirin da Turawa ke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Abin da ya fi wahalar da kanikawa shi ne tsarin feshin mai na Bosch da ake kira KE-Jetronic, wanda ke da wani kasko mai raba fetur ga silindoji ta ƙananan tsaguna. Ƙura kaɗan ko gurɓataccen mai ya isa ya toshe su, sai mota ta kama shan mai tana mutuwa a tsaye.

Shigowarta Afirka ta Yamma da yawa ta biyo bayan shirin gyaran tattalin arzikin Nijeriya na 1986, wanda ya karya darajar naira har sabuwar Peugeot ta Kaduna ta gagari ma'aikaci. Tsofaffin motocin Turai suka riƙa kwararowa daga Antwerp ta Beljiyam zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan a haura da su Nijar da arewacin Nijeriya, kuma 190 ta zama Marsandin mai matsakaicin ƙarfi. Kanikawa suka bi da ita da dabarun da suka saba: wasu suka tuge tsarin feshin mai suka ɗora kafireto, wasu suka cire tamostat, wato ƙaramin bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, suka cika lagireto da ruwan famfo. Dabara ta biyu ta yi ɓarna mai yawa, domin ruwa zalla yana cin inji daga ciki, amma motar ta jure, kuma kayan gyaranta na hannu sun wadata a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas.

Labari ya sha bamban da zuwan C-Class, wadda ta gaje ta a 1993. Samfuran farko sun zo da wayoyin inji da aka lulluɓe da wata roba da ba ta jure zafi, tana bushewa tana marmashewa, wayoyi su haɗu su ƙona kwamfutar mota. A W203, C-Class ta biyu, wadda ta fito a 2000, lagireton wasu motocin farko yana barin ruwan sanyaya inji ya gauraya da man giya, abin da kan kai ga lalacewar akwatin giya gaba ɗaya, alhali kamfanin ya riga ya gaya wa masu saye cewa man giyar ba ya buƙatar canji har ƙarshen rayuwar motar, shawarar da ya janye daga baya. Injin M272 mai silinda shida ya zo da wani ƙaramin haƙori mai saurin cinyewa a kan sandar da ke hana inji girgiza, kuma kuɗin haƙorin bai taka kara ya karya ba, sai dai kafin a kai gare shi galibi sai an sauke inji. A W204, C-Class ta 2007, kuwa, makullin sitiyari na lantarki yakan maƙale, mota lafiyayya ta ƙi tashi saboda wani injin da bai kai babban yatsa ba.

A nan ne ainihin tsadar irin wannan mota take. Farashinta yana faɗuwa da shekaru har ya yi kusa da na tsohuwar Toyota, amma kayan gyaranta da baƙin manta na musamman da ladan aikinta suna nan a matakin motar alfarma, kuma da yake daga waje ake shigo da su, duk faɗuwar naira a aljihun mai mota take ƙarewa. Hana shigo da motoci Nijeriya ta iyakokin ƙasa a farkon 2017 ya ƙara kuɗin saye, cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara na hawa. Sana'ar kanikanci ma ta rabu biyu: ga tsohon bakanike da ke kasa kunne ya gane ciwon inji daga ƙararsa, ga matashin da ke jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari ya karanto lambobin matsala, wanda ake biya tun kafin a kwance noti ɗaya. Wasu sassan, kamar makullin sitiyari da ramin mabuɗi, ba sa aiki idan an ciro su daga wata motar sai an sake daidaita su da lambar sirrin wadda za a sa wa, don haka kasuwar kayan hannu da ta raya 190 shekara da shekaru ba ta iya yi wa W204 irin wannan hidima ita kaɗai.